Ƙaramar Mota Mai Otomatik: A Zaɓi Giya Kafin A Zaɓi Mota

Mai neman ƙaramar mota yawanci da buƙatu uku yake zuwa: kada ta sha mai, kada ta mai da gareji gidanta, sannan ta kasance mai giyar otomatik don ƙafar hagu ta huta da taka kuloci a cunkoso. Kowace ɗaya daga cikin ukun samunta ba wuya. Haɗa su a mota guda ne aiki, kuma akwai dalili. A shekaru ashirin da suka shige, dokokin rage hayaƙi sun matsa wa kamfanonin mota lamba su rage shan mai ko ta halin ƙaƙa. Tarayyar Turai ta kafa doka a 2009 cewa matsakaicin hayaƙin sababbin motoci kada ya wuce giram 130 na iskar kabon a kowace kilomita zuwa 2015, daga baya ta sauko da shi zuwa giram 95, ga tara mai nauyi kan duk giram ɗin da aka haura. Ɗaya daga cikin wuraren da injiniyoyi suka fi zuba gwaje-gwajensu don cimma wannan shi ne akwatin giya. Wasu gwaje-gwajen sun yi nasara. Wasu kuwa aljihun masu saye ne ya biya kuɗin karatun.

Idan mai sayarwa ya ce maka motar otomatik ce, abin da ya faɗa maka kawai shi ne ba ta da fedar kuloci. A ƙarƙashin wannan bayanin akwai na'urori iri biyar, kowacce da yadda take aiki, da abin da ke kashe ta, da irin tuƙin da take so. Shi ya sa nake ganin kuskure ne mutum ya fara da sunan mota ko launinta ko girman allon da ke gabanta. Giyar ce ya kamata a fara tantancewa, domin ita ce ɓangaren da idan ya lalace a ƙaramar mota ta hannu, kuɗin gyaransa kan iya kusantar darajar motar kanta.

Dubi Honda Jazz, wadda ake kira Fit a Japan da Amurka. Ta farko, wadda ta fito a 2001, CVT aka sa mata, wato giya mai aiki da bel da fuli. Ta biyu da ta iso Turai a 2008 ta zo da wata giya mai suna i-SHIFT, wadda asalinta manuwal ce da kwamfuta ke taka wa kuloci. Masu saye ba su ji daɗinta ba, a 2011 aka mayar da CVT. A daidai waɗannan shekarun, wadda ake sayarwa a Amurka giyar otomatik ta gargajiya ce da ita, mai giya biyar. A 2013 mai haɗin fetur da lantarki ta Japan ta fito da giya mai kuloci biyu, wadda sai da aka yi ta kiran motocin gyara sau da dama cikin shekara guda. Ta 2020 a Turai kuwa injinan lantarki biyu gare ta, babu ma maganar sauya giya. Saboda haka wanda ya ce maka "Jazz ba ta da matsala" da wanda ya ce "Jazz giyarta ba ta ƙarko" duk ba su faɗa maka komai ba, har sai sun ambaci shekara da kasuwar da aka ƙera motar dominta.

Tsohuwar cikin biyar ɗin ita ce mai tok-kwanbata. Oldsmobile ya fara sayar da mota mai sauya giya da kanta a samfurinsa na 1940, Buick kuma ya kawo kwanbata cikin motar fasinja a 1948. Fahimtarta ba wuya. Ajiye fanka biyu suna fuskantar juna, ka kunna ɗaya. Iskarta za ta sa ɗayar juyawa ko da ba a jona ta da wuta ba. Sa mai a madadin iska, ka rufe su cikin gida ɗaya na ƙarfe, to ka samu kwanbata. Inji ke juya ta farko, ta biyu ke juya giya, kuma mai ne kaɗai ke tsakaninsu. Idan mota na rarrafe a cunkoso, tana tafiya tana tsayawa, man ne ke ɗaukar wahalar: ya yi zafi, ya bi ta na'urar sanyayawa, ya dawo. Ba abin da ke gogewa yana cinyewa a lokacin tashi. Ƙananan kulocin da ke ciki masu kama kowace giya su ma cikin mai suke aiki. Wannan shi ne sirrin ƙarkonta.

Aibinta shi ne santsin nan na mai yana cin fetur, ga nauyi, ga tsadar ƙerawa. An rage ɓarnar da wani kuloci da ke kulle ɓangarorin biyu su zama abu ɗaya da zarar mota ta miƙe, sannan aka ƙara yawan giya. Masu giya huɗu da aka daɗe ana sa wa Toyota Yaris ta Amurka, da Suzuki Swift ta da, da Hyundai i10 da Kia Picanto na baya, ba su da zafin nama, kuma a babbar hanya inji yakan yi ta ihu don giya ta ƙare masa. Amma na'urori ne da aka shekara da shekaru ana gyara musu kura-kurai, kuma bakanike da yawa ya san cikinsu. Masu giya shida, kamar ta Mazda2 daga 2014, ko ta kamfanin Aisin na Japan da Peugeot ya sa wa 208 da sunan EAT6, sun rage tazarar shan mai tsakaninsu da manuwal sosai. Sai dai a kan 208 ɗin akwai abin lura: giyar tana da suna mai kyau, amma injin PureTech mai lita 1.2 da aka fi haɗa ta da shi yana da bel ɗin taimin da ke aiki cikin baƙin mai, wanda aka sha kuka da saurin ruɓewarsa. Giya mai kyau ba ta wanke injin da ke gabanta.

Ta biyu, wadda ake kira AMT, ba ta buƙatar dogon bayani. Akwatin giyar manuwal ne sak, da kulocinsa ɗaya, aka ɗora masa ƙananan injina da kwamfuta su yi aikin ƙafa da hannu. Kowane kamfani da sunan da ya raɗa mata: MMT a Toyota Aygo da Yaris ta Turai, Easytronic a Opel, Dualogic a Fiat, AGS a Suzuki Celerio da ta fito a Indiya a 2014. Ita ce mafi araha, kuma shan manta kusan ɗaya da na manuwal. Amma duk sanda za ta sauya giya sai ta yanke ƙarfi na ɗan lokaci, kan direba ya yi gaba ya dawo, kuma a kan hawa tana iya ja da baya kafin kuloci ya kama. Kulocin yana cinyewa kamar na kowace manuwal, na'urar da ke taka shi ma tana gajiya. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: wanda ya saye ta da sanin halinta, yana ɗaga ƙafa daga totur kaɗan lokacin sauyi, zai zauna da ita lafiya, gyaranta ma bai kai na sauran tsada ba. Wanda ya saye ta da tsammanin laushin otomatik na gargajiya zai yi da-na-sani tun makon farko. A lura, Hyundai i10 ta zamani ta uku da ta fito wajen 2020 ta bar tsohuwar mai giya huɗu ta koma irin wannan a Turai.

A kan ta uku ne gizo ke saƙa, wato mai kuloci biyu, DCT, wadda Volkswagen ke kira DSG. Dabararta abin burgewa ce. Giyoyin mara, ɗaya da uku da biyar, suna kan sanda ɗaya da kulocinsu. Giyoyin cika, biyu da huɗu da shida, suna kan wata sandar da nasu kulocin. Kana tafiya a giya ta uku, ta huɗu ta riga ta shiga tana jira. Lokacin sauyi wannan kuloci ya saki, wancan ya kama, cikin ƙiftawar ido, ba tare da an yanke ƙarfi ba. Volkswagen ya fara sayar da ita a Golf R32 a 2003, kuma kulocinta cikin mai suke wanka. Wannan ita ake ce wa jiƙaƙƙiya. Ga ƙananan motoci kuwa sai aka ga ai juya kuloci cikin mai da harba man da famfo su ma suna cin fetur, to me zai hana a bar su a bushe? A 2008 aka fito da mai giya bakwai busasshiya, DQ200, wadda ta shiga Polo da Golf da Skoda Fabia da SEAT Ibiza. Ford ma ya sa irin busasshiyar, mai suna PowerShift, a Fiesta daga 2011 da Focus daga 2012.

A takarda komai daidai ne. A cunkoso ne lissafin ya ɓaci. Mota mai kuloci ba ta iya rarrafe a hankali sai an riƙe kulocin a tsakiya, bai kama duka ba bai saki duka ba, abin da direbobi ke kira rabin kuloci. Direban manuwal yana jin warin ƙonewa ya san ya yi yawa, sai ya saki giya ya jira gaba ta buɗe. Direban DCT shi a ganinsa otomatik yake tuƙawa, sai ya yi ta sakin birki kaɗan-kaɗan yana matsawa taku-taku, kwamfuta kuma tana ta riƙe masa rabin kuloci, babu man da zai kwashe zafin. Wasu motocin har gargaɗi suke nunawa a allo cewa giya ta yi zafi, a tsaya ta huce. Daga nan karkarwa ke farawa yayin tashi, sai jinkiri, sai fizga.

Tarihin abin da ya biyo baya a rubuce yake. A ta Ford, mai yakan yoyo ta wani sil ya ɓata busasshen kulocin, kwamfutar giyar ma ta riƙa mutuwa, har kamfanin ya tsawaita garanti a Amurka a 2014. A 2018 kotun tarayya ta Ostareliya ta ci Ford tarar dalar ƙasar miliyan 10 saboda yadda ya yi da ƙorafe-ƙorafen masu irin wannan giya. Volkswagen shi ma a Nuwamban 2013 ya kira motoci kimanin miliyan 1.6 masu DQ200 don a sauya musu nau'in mai, bayan an gano cewa wanda aka zuba da farko yana iya jawo matsalar lantarki a ƙwaƙwalwar giyar, musamman a wurare masu zafi da laima da yawan tafi-tsaya. Adalci shi ne a ce samfuran baya an gyara abubuwa da dama a cikinsu, kuma wanda yawancin tuƙinsa a buɗaɗɗiyar hanya yake zai iya shekaru da DSG bai ji komai ba sai daɗi, don a can kuloci a kame yake, ba ya gogewa. Amma mutum ba ya sayen ƙaramar mota mai otomatik don babbar hanya. Don cikin gari yake saye. Busasshiyar DCT ta hannu, wadda ba a san yadda aka tuƙa ta ba, ni ba zan ba wa wanda nake ƙauna shawarar ya sa kuɗinsa a kai ba.

Ta huɗu, CVT, ita ce ta fi yawa a ƙananan motocin Japan yau, kuma ita ce aka fi yi wa kuɗin goro. Ba sabuwa ba ce: kamfanin DAF na Holan ya nuna ta a ƙaramar motarsa a 1958 da bel na roba, Subaru Justy kuma ta zo da mai bel na ƙarfe da kwamfuta a 1987. Babu haƙoran giya da ke sauyawa a cikinta. Fuli biyu ne, kowanne faifai biyu ne masu tudu suna fuskantar juna, bel na bi ta tsakaninsu. Idan faifan suka matso juna, bel ya hau sama ya zagaya da faɗi. Idan suka buɗe, ya nutse ƙasa ya zagaya a matse. Ɗaya na buɗewa ɗayan na matsewa, sai a samu kowane mataki da ake so tsakanin mafi ƙasa da mafi sama. Amfanin wannan shi ne inji yakan zauna a gudun da ya fi masa tsimin mai, giya ce ke ta daidaita kanta. Shi ne kuma dalilin ƙarar nan da wasu ba sa so, inda ka taka totur inji ya ɗaga murya ya tsaya a wuri ɗaya, mota tana ƙara gudu a hankali. Wannan ba lalacewa ba ce, haka aka yi ta.

Bel ɗin kansa abin kallo ne. Ɗaruruwan ƙananan faranti ne na ƙarfe aka jera a kan siraran zobba na ƙarfe, kuma tura fulin gaba yake yi maimakon ja. Duk ƙarfin injin ta gefen waɗannan faranti yake wucewa, inda suka taɓa fuli, ƙarƙashin matsi mai tsanani na mai. Muddin man yana da kyau kuma matsin ya cika, bel ba ya zamewa. Ranar da man ya tsufa ko ya yi zafi fiye da kima, ko famfo ya raunana, bel ya zame ko sau ɗaya da ƙarfi, sai ya karce fuskar fulin. Karcen ya riƙa cin bel, garin ƙarfe ya bi mai ya shiga ko'ina. Daga nan ba a cika gyara ba, sai dai a sauke akwatin a ɗora wani. Wannan ne ya sa lalacewar CVT take da ciwo: ba ta cika zuwa da ƙaramin lissafi ba.

Sunan da ya ɓaci ya fi alaƙa da Nissan da kamfanin Jatco mai yi masa giya. Nissan ya ninka garantin CVT a Amurka zuwa shekara 10 ko mil 120,000 ga motocin 2003 zuwa 2010, daga baya kuma ƙararrakin haɗin gwiwa sun kai shi ga tsawaita garantin wasu shekarun Versa da Sentra. Na Toyota da na Honda a ƙananan motoci sun fi samun shaidar ƙarko, kuma akwai dalili na aiki da ke taimakon kowace CVT a ƙaramar mota: inji mai lita 1.3 ko 1.5 marar turbo, a jikin mota marar nauyi, ba ya ɗora wa bel abin da ya fi ƙarfinsa. Toyota ma ya gane cewa lokacin tashi daga tsaye ne bel ya fi shan wuya, sai a 2018 ya fito da wata CVT mai giyar farko ta haƙora, wadda ke tayar da mota sannan ta miƙa wa bel. Ta fara a Corolla, ta shiga Yaris mai lita 1.5 ta 2020. CVT irin waɗannan, idan akwai shaidar an riƙa sauya musu mai, zaɓi ne mai kyau. Ba ta son jan tirela, ba ta son lodi fiye da kima, ba ta son a yi ta murza taya a yashi ko laka.

Ta biyar ita ce ta fi burge ni, kuma an zalunce ta da aka sa mata suna e-CVT, domin mutane da yawa na jin haka sai su gudu da zaton bel ne. Babu bel a cikinta ko ɗaya. Tsarin da Toyota ya fito da shi a Prius a 1997 jerin haƙora ne guda: ƙarama a tsakiya, wasu na zagaya ta, babban zobe ya kewaye su duka. Injin fetur na haɗe da masu zagayawa, ƙaramin injin lantarki na haɗe da ta tsakiya, babban injin lantarki da tayoyi na haɗe da zoben. Kwamfuta na ƙara ko rage gudun ƙaramin injin lantarkin, sai dangantakar gudun inji da na taya ta sauya. Haƙoran kullum a haɗe suke, ba abin da ke shiga ko fita. Ba kulocin sauya giya, ba kwanbata, ba kik irin na sauran motoci, ba altaneta. Ribas ma injin lantarki ne kawai ke juyawa da baya. Abin da babu shi ba ya lalacewa, shi ya sa direbobin tasi a manyan birane da yawa na duniya suka rungume ta.

A ƙananan motoci tsarin ya zo a Aqua a 2011 da Yaris Hybrid a 2012. Cunkoson da ke kashe busasshiyar DCT shi ne inda wannan ta fi nuna bajinta: inji ya mutu idan an tsaya, lantarki ya tayar da mota, kuma duk birkin da aka taka ana mayar da wani ɓangare na ƙarfinsa cikin batir, abin da ke sa takalmin birki ma ya daɗe. Yaris ta 2020 wajen lita 4 take sha a kilomita 100 a gwajin hukuma. A babbar hanya da gudu mai yawa fifikon yana raguwa, don a can injin fetur ne ke yin kusan duk aikin. Abin dubawa a nan batir ne. Shekaru da zafi ke tsufar da shi, haka ma barin mota a ajiye watanni ba a tayar ba. Yana da fankar sanyayawa da ke shaƙar iska daga cikin mota, galibi kusa da kujerar baya. Idan ƙura ko gashi ko kaya suka toshe ƙofar, batirin ya riƙa dahuwa a hankali ba wanda ya sani. Toyota ya ɗaga garantin batirin a Amurka zuwa shekara 10 ko mil 150,000 daga samfurin 2020. Mai sayen tsohuwa ya sa a auna lafiyar batirin da na'ura, ya kuma sa kuɗin sauya shi cikin lissafinsa tun farko. A kuma kula da motocin da ake liƙa wa tambarin haɗin lantarki alhali ɗan ƙaramin taimako ne kawai na bolt 12 ko 48, kamar wasu samfuran Suzuki Swift. Waɗannan giyar da ke bayansu ɗaya ce daga cikin huɗun da suka gabata, da ita za a yi musu hukunci.

Yanzu maganar tsimin mai, wanda shi ne ya kawo mai saye kasuwa. Alƙaluman da ke takardar talla daga ɗakin gwaji suke fitowa. Tsohon gwajin Turai, NEDC, ya yi nisa da gaskiya har binciken ICCT, wata cibiya mai nazarin hayaƙin ababen hawa, ya nuna tazarar ta kai kusan kashi 40 cikin 100 a tsakiyar shekarun 2010, shi ya sa aka maye gurbinsa da sabon gwaji mai suna WLTP daga 2017. Don haka kada a kwatanta alƙalamin motar 2014 da na motar 2021 kai tsaye, ba ma'auni ɗaya ba ne. Sannan a yi lissafi da hankali. A ƙaddara mutum yana yin kilomita 12,000 a shekara. Mota ɗaya mai kwanbata tana shan lita 6.5 a kilomita 100, ɗayar mai DCT tana shan 5.8. Bambancin lita 84 ne a shekara, lita 420 a shekara biyar. Kowa ya buga wannan da kuɗin fetur na inda yake, ya ajiye shi kusa da kuɗin sauya kuloci biyu da ƙwaƙwalwar giya sau ɗaya, zai ga inda riba take. Amma idan a cikin gari wata na shan lita 7, mai haɗin lantarki na shan 4.5, bambancin lita 300 ne duk shekara. Wannan tazara ce da ta isa ta sauya shawara, waccan kuwa ba ta isa a ɗauki kasada dominta ba.

Saboda haka ga mai yawan tuƙin cikin gari, tsarin haɗin lantarki irin na Toyota nake sa wa a gaba, muddin akwai mai iya duba batir da kayan gyara a inda yake. In babu, ko kuɗi bai kai ba, sai mai tok-kwanbata, ko da giya huɗu ce, a haƙura da ɗan ƙarin fetur. Sai CVT ta Toyota ko Honda mai takardun sabis. Kuma duk kyan giya, idan a garinku ba mai na'urar karanta ta, ba mai sayar da manta na asali, ta zama kaya.

Ranar duba mota, a nemi a same ta a sanyaye. Taɓa bonet kafin a tayar. Idan da ɗumi, an riga an ɗumama ta, kuma giya mai ciwo da sanyin safiya take fallasa kanta. Taka birki, ka sa D, wato giyar tafiya gaba, ka ƙirga: cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu ya kamata ka ji ta kama a hankali. Jinkiri mai tsawo ko bugu mai ƙarfi alama ce. Yi haka da R, wato ribas. Sannan ka nemi wuri mai ɗan hawa ka hau shi da baya a hankali, domin nan ne kulocin da ya cinye ke karkarwa. Ka yi rarrafe irin na cunkoso na minti goma ko fiye, rediyo a kashe, taga a buɗe. A CVT saurari kuka mai tsini da ke ƙaruwa da gudu, ka kuma sa ido kan allurar gudun inji lokacin da ƙafarka ke tsaye wuri ɗaya. Idan tana hawa tana sauka da kanta, bel ko matsin mai na da magana. A mai kwanbata, idan inji ya yi kuka sama tsakanin giya biyu kafin ta gaba ta kama, kulocin ciki sun fara zamewa. Kada tuƙin gwajin ya gaza rabin awa, don wasu matsalolin sai mai ya yi zafi suke fitowa.

Idan motar na da sandar auna man giya, ɗiga shi a farar takarda. Na mai kwanbata galibi ja ne garau idan sabo ne, yana duhu da tsufa; baƙi mai warin ƙonewa ko mai ƙyalƙyalin ƙarfe ya gama ba da labari. A jona na'urar karanta kwamfutar mota, wadda motocin Amurka ke da ƙofarta tun 1996, masu fetur na Turai tun 2001. Rashin lambar matsala bai isa shaida ba, don ana gogewa kafin mai saye ya iso. Na'urar tana nuna ko gwaje-gwajen da mota ke yi wa kanta sun kammala. Idan da yawansu na cewa ba su shirya ba, to kwanan nan aka goge ko aka cire batir, sai a tambayi dalili.

Wasu littattafan mota suna cewa man giyarsu na har abada ne, ba a sauyawa. Mai yana tsufa da zafi ko wane ne ya yi shi, kuma jiƙaƙƙiyar DSG mai giya shida ma kamfaninta ya ce a sauya mata duk kilomita 60,000. Kanikawa da yawa na ba da shawarar tazara irin wannan ko ƙasa da haka ga CVT da ke aiki a zafi da cunkoso. Don haka da zarar mota ta hannu ta shigo hannunka babu takardar da ke nuna ranar sauyi na ƙarshe, a zubar da man a zuba sabo. A bi ta hanyar kwance matoshi a bar shi ya tsiyaye, kada a tura shi da injin wanki mai matsi a akwatin da ya yi tafiya mai nisa, don yana iya tayar da dattin da ya kwanta ya toshe ƙananan hanyoyi. Kuma a zuba ainihin nau'in da aka rubuta: NS-2 ko NS-3 a Nissan gwargwadon samfuri, HCF-2 a sababbin CVT na Honda, WS a yawancin masu kwanbata da masu haɗin lantarki na Toyota. Man otomatik na gama-gari idan ya shiga CVT yana iya sa bel zamewa. Akwatuna da yawa na zamani ba su da sandar aunawa, ana daidaita yawan mansu ne a wani ƙayyadadden zafi da na'ura ke nunawa, saboda haka a kai wa bakaniken da ke da na'urar.